Shawara ga masu kiwon kaji: toshe akurki ya fi sayen tarko

'Yan uwa masu kiwo a Jega da Argungu, idan bodari na yi muku ɓarna, ku daina kashe kuɗi kan tarko. Ku sayi ragar waya mai ƙananan ido, wadda ramukanta ba su wuce santimita 2 ba, ku kewaye akurkin, sannan ku binne gindinta kamar santimita 30 cikin ƙasa.

Dalili shi ne, bodari dangi ɗaya yake da faret, dabbar da Turawa ke ajiyewa a gida, wadda a Ingila ake tura ta ramin zomaye saboda sirantakar jikinta. Irin wannan jiki yana kutsawa ta ƙaramar kafa, kuma bodari gwanin tono ne da dare.

A ganina kashe shi ma asara ce, domin yana rage ɓerayen da ke addabar rumbu, ga warin da yake fesawa idan aka takura masa.

Dabarar ba ta hana ƙaramin maciji shiga, kuma ba ta aiki idan ƙofa ba ta rufuwa sosai. Ku riƙa duba wayar da damina, saboda tsatsa na cin wadda aka binne.