Yadda na hana sabar gidana ɗaukewa da rana

Alhamdulillahi, yau kwana goma ke nan sabar gidana, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima, ba ta ɗauke ba.

Tun da bazara ta kankama a Kano, kullum tsakanin azahar da la'asar sai ta mutu da kanta. Na zargi inbata, na canja batirin UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke ta, duk a banza. Sai da na duba zafin faifan ajiya ta SMART, tsarin da faifan ke ba da rahoton lafiyarsa, na ga digiri 57.

Rak ɗin, wato akwatin da sabar ke ciki, mai gurabe 12 ne (12U), yana cikin sito, bayansa manne da bangon da rana ke gasawa. Saba kuwa ta gaba take shaƙar iska, ta fitar da mai zafi ta baya. Da na sa hannu a gabansa, ɗumi na ji: iskar da ta fitar ce ke zagayowa tana sake sha.

Na mayar da shi jikin bangon ciki, na bar tazarar santimita 60 a baya. Fankoki biyu na samansa, masu milimita 120, ashe ciki suke hurawa. Na kara musu ƴar takarda na tabbatar, sannan na juya su. Guraben da babu na'ura na toshe su da faranti. Kafinta ya huda ƙasan ƙofar sito, muka sa raga da soso saboda ƙura, ga ƙaramar fanka a taga tana jan zafi waje.

Yanzu faifan ba ya wuce digiri 42 ko da tsakar rana. Soson duk Juma'a nake wanke shi. Godiya ga ƙanina da ya kama mini ɗauka.