Yadda za ka gane ganga tsayayyiya da ganga dogarau a jimlar Turanci

Ɗalibai da yawa idan aka ba su doguwar jimlar Turanci aka ce su fitar da main clause da subordinate clause, farautar kalmomi suke fara yi. Da zarar sun hango because ko when ko who, sai su ja layi su wuce. Wani lokacin a dace, amma wannan hanyar ce ke kayar da su, domin akwai gangar da ba ta da irin waɗannan kalmomi ko ɗaya, akwai kuma inda kalmar tana nan amma babu ganga. Daga aikatau, wato kalmar aiki (verb), ake fara aikin.

Abin da Turanci ke kira clause, shi masana nahawun Hausa ke kira ganga, wato rukunin kalmomi mai aikau (subject, mai yin aikin) da aikatau nasa na kansa. Ganga tsayayyiya, wato main clause, ita ce uwar jimla, ba a ƙarƙashin kowa take ba. Ganga dogarau kuwa, wato subordinate clause, hidima take yi wa wata gangar: ko ta tsaya a gurbin suna, ko ta siffanta suna, ko ta yi bayanin yadda aiki ya auku.

Fara da ƙirga aikatau

Ba kowane aikatau ke kafa ganga ba, sai mai ɗauke da lokaci, wanda littattafai ke kira finite verb. Gane shi ba wuya. Sauya lokacin jimlar ka ga wace kalma ce za ta motsa. Ɗauki "Musa wants to buy a goat". Idan ka mayar da ita jiya, za ta koma "Musa wanted to buy a goat". Wants ce ta sauya, to buy tana nan yadda take. Aikatau mai lokaci ɗaya ne ke nan, ganga ma ɗaya.

Iri uku ne ba a ƙirgawa idan suka zo su kaɗai: aikatau mai to a gabansa, mai ƙarewa da -ing wanda babu is, was ko are tare da shi, da siga ta uku irin su broken da written idan babu has, had ko was a gabanta. A "Running to the gate, the boy fell", fell kaɗai za ka ja wa layi.

Kuskure na biyu shi ne raba abin da yake ɗaya. "Has been waiting" kalmomi uku ne amma aikatau ɗaya. Haka "will have finished" da "could not see". A tambaya ma sukan rabu da juna, kamar "Did she come?", inda did da come suke aikatau ɗaya duk da she ta shiga tsakani. Kada kuma ka manta da is, are, was, were idan suka tsaya su kaɗai. Mai jin Hausa yakan tsallake su, saboda a wajenmu "ne" da "ce" ba su yi kama da aiki ba, amma a Turanci "The soup is hot" cikakkiyar ganga ce.

Yawan layukan da ka ja shi ne yawan gangunan da za ka nema. Idan ka ja huɗu ka fitar da ganga uku, akwai wadda ta ɓuya, koma ka duba. Togaciya ɗaya ita ce inda aikau ɗaya ya yi ayyuka biyu da and a tsakani, kamar "She came in and sat down". Wasu littattafan ganga ɗaya suke ɗaukarta, wasu biyu, amma ko ta yaya babu dogarau a ciki.

Sannan ka dubi abin da ya haɗa su

Yanzu ne lokacin mahaɗai ya yi. Guda bakwai ne ke haɗa ganguna masu daraja ɗaya: and, but, or, nor, for, so, yet. A "The bell rang but nobody moved", duka biyun tsayayyu ne. Sauran, irin su because, although, if, unless, until, while, whether, who, which da that, sukan sa gangar da ta biyo bayansu ta zama dogarau. Mahaɗin kuma a cikin dogarau yake, da shi ake yanko ta. Wanda ya rubuta "the rain stopped" alhali abin da ke cikin jimlar "when the rain stopped" ne, ya bar rabin amsa a baya.

Akwai gwajin da ke raba iri biyun nan cikin sauƙi: ɗaga gangar tare da mahaɗinta ka kai ta farkon jimla. "We stayed indoors because it rained" za ta iya komawa "Because it rained, we stayed indoors". Gwada haka da but: "But nobody moved, the bell rang". Ta lalace. Mafi yawan dogarau masu bayanin aiki suna yarda a ɗaga su, gangar da ta fara da ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan ba ta yarda.

However, therefore da moreover ba mahaɗai ba ne, bayanau ne. Gangar da ta fara da su galibi tsayayyiya ce.

Gwajin "tana iya tsayawa da kanta" da inda yake gazawa

Kusan kowane malami da wannan yake farawa, kuma yana aiki a jimloli irin "If you come early, you will meet him". "You will meet him" ta tsaya, "if you come early" tana jiran ƙarashe. Sai dai ka gwada shi a kan "What she said surprised us". Cire "what she said", abin da ya rage "surprised us" ne, ba ya tsayawa. A nan dogarau ita ce aikau ɗin jimlar kacokan, cire ta kamar zare ginshiƙi ne daga ɗaki. Tsayayyiyar ita ce jimlar gaba ɗaya, dogarau tana zaune a cikinta.

Gwajin da ya fi wannan ƙarfi shi ne ka mayar da jimlar tambayar da za a amsa da e ko a'a. Aikatau ɗin da ya tashi ya koma gaba, ko wanda did ko does ya ɗauke wa lokaci, shi ne na tsayayyiya. Duba "The man who is talking is my uncle". Is biyu ne a ciki. Tambayar ita ce "Is the man who is talking my uncle?" Is ta biyu ce ta tashi, ta farko ba ta motsa ba. Ke nan tsayayyiya ita ce "The man is my uncle", ita kuma "who is talking" ta kutso ne ta raba ta gida biyu. Irin wannan kutse shi ya fi rikita ɗalibai, domin sun saba ganin ganga ɗaya a hagu ɗaya a dama. Haka "What she said surprised us" za ta ba ka "Did what she said surprise us?", ka ga surprised ce ta sallama lokacinta ga did, said tana nan daram.

Gangar da ba ta da alama

Turanci yana yarda a jefar da that ko which ko whom a wasu wurare. "The book I bought is missing" babu mahaɗi ko ɗaya a cikinta, amma ƙirgarka ta ba ka biyu: bought da is. Alamar ita ce suna ya zo, sai wani aikau ya biyo shi kai tsaye: the book, sai I. Saka that a tsakaninsu, idan ta zauna daidai, to dogarau ce ta fara daga nan.

A nan mai jin Hausa yana da makamin da Bature ba shi da shi. Hausa ba ta yarda a jefar da "da" a irin wannan wuri. Faɗi jimlar da Hausa a zuci: littafin da na saya ya ɓace. "Da" ɗin da ta fito bayan "littafin" ta nuna maka bakin gangar. Hausa har lamiri take sauyawa: "sun zo" ta koma "yaran da suka zo", "yana magana" ta koma "mutumin da yake magana". Kunnenmu ya saba jin wannan sauyi, Turanci kuwa ba ya yin sa, came tana nan came ko a wace ganga take. Shi ya sa ido yakan wuce ta ba tare da ya lura ba. A "He said he was tired" kuma harsunan biyu sun yi daidai, domin mu ma mukan ce "ya ce ya gaji" ba sai mun sa "cewa" ba.

Kalma ɗaya, aiki uku

Bayan ka yanko dogarau, sai ka faɗi irinta. Kada ka bari kalmar farko ta yanke maka hukunci. Ga when a jimloli uku.

A "I was asleep when he left", tana faɗin lokacin barcin, kuma ana iya ɗaga ta zuwa gaba, saboda haka adverbial clause ce. A "I remember the day when he left", ta biyo suna tana fayyace wace rana, adjectival clause ke nan, wadda ake kuma kira relative clause. A "I know when he left", za ka iya cire ta ka sa it ko something a gurbinta, "I know it", don haka noun clause ce, karɓau (object) na know. Waɗannan gwaje-gwaje uku, ɗagawa, bin suna da musanyawa da it, sun fi haddar jerin mahaɗai amfani nesa ba kusa ba.

That tana da nata tarkon. Kwatanta "The news that he brought shocked us" da "The news that he had resigned shocked us". Dukansu sun biyo suna ɗaya. Gwada sa which a gurbin that. A ta farko ta zauna, domin akwai gurbin da ba a cike ba bayan brought, labarin ne abin da ya kawo. Wannan adjectival ce. A ta biyu which ba ta zauna ba, "he had resigned" cikakkiya ce, ita ce labarin kansa. Wannan noun clause ce, aikinta shi ne apposition ga news.

After, before, since da until kuma ba kullum suke buɗe ganga ba. "After the match" babu aikatau, yankin jimla ne kawai, wato phrase. "After the match ended" ganga ce. Ita ma "Who broke the window?" tsayayyiya ce duk da ta fara da who, tambaya ce kai tsaye.

Wani abu da ya kamata a sani: manyan littattafan nahawu na zamani, irin A Comprehensive Grammar of the English Language na Randolph Quirk da abokan aikinsa, wanda ya fito a 1985, suna ɗaukar "running to the gate" da "to buy a goat" a matsayin ganguna marasa lokaci. Yawancin littattafan sakandare phrase suke kiran su. Ɗalibin sakandare ya bi na ajinsa, na jami'a ya tambayi wane tsari malaminsa ke bi.

A gwada a kan doguwar jimla

"When the rains stopped, the farmers who had planted early discovered that the millet they had stored was damp, but they sold it before the price fell."

Aikatau masu lokaci: stopped, had planted, discovered, had stored, was, sold, fell. Bakwai ke nan, ganga bakwai za mu nema. But ta raba jimlar gida biyu, kowane ɓangare da tsayayyiyarsa. A ɓangaren farko, tambaya za ta ba ka "Did the farmers discover", don haka discovered ce uwa. A na biyu, "they sold it". Saura biyar. "When the rains stopped" bayanin lokaci ce ga discovered. "Who had planted early" tana siffanta farmers. "That the millet they had stored was damp" karɓau ce ta discovered, kana iya musanya ta da it. A cikin cikinta kuma akwai "they had stored", marar alama, tana siffanta millet, geron da suka adana. "Before the price fell" bayanin lokaci ce ga sold. Biyu da biyar, bakwai, lissafi ya cika.

Wannan ilimi yana gyara rubutu ma. Hausa takan ce "ko da yake ya gaji, amma ya ƙarasa aikin", kuma daidai ne. Wanda ya kwashi wannan ginin ya kai Turanci zai rubuta "Although he was tired, but he finished the work", wadda kuskure ce, domin although ta riga ta haɗa gangunan biyu, but ba ta da sauran aiki. Ɗaya ake zaɓa. Haka nan kada a rufe dogarau da aya ita kaɗai, kamar "Because the road was bad." Idan kuma dogarau mai bayanin aiki ta zo a farkon jimla, a sa waƙafi bayanta.

A jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO, a sashen karanta nassi da amsa tambayoyi, ana ciro wasu kalmomi a tambayi sunansu na nahawu da aikinsu. Kada ka amsa daga abin da aka ciro kawai, koma cikin nassin ka karanta jimlar tun daga farkonta har aya, domin kalmar da gangar ke yi wa hidima a wajenta take. Rubuta subordinate clause kawai bai wadatar ba, faɗi irinta. Wajen aiki kuma ka ambaci ainihin kalmar: idan adverbial ce, ka rubuta cewa it modifies the verb "sold", idan adjectival ce, it qualifies the noun "farmers", idan noun clause ce, ka faɗi ko subject ce ko object, kuma na wane aikatau. Idan aikatau ɗin kalmomi biyu ne ko uku, kamar had stored, ka rubuto shi dukansa.