Yadda ake auna raɗaɗi bayan an cire turmin ƙarshe

Turmin ƙarshe, wato haƙorin da ke can ƙuryar baki wanda yakan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, cirewarsa ta fi ta sauran haƙora wahala, musamman na ƙasa idan ya kwanta a cikin ƙashi. Wani lokaci sai likita ya tsaga dasashi, ya kankare ƙashi, ya raba haƙorin gida biyu kafin ya fita. Don haka ciwo dole ne. Abin da ake son sani shi ne ko ciwon na raguwa ko na ƙaruwa, kuma ba a gane wannan da "da sauƙi" ko "ina dai daurewa". Sai an sa masa lamba an rubuta.

Ma'aunin da asibitoci suka fi amfani da shi daga 0 yake zuwa 10. Sifili babu ciwo ko kaɗan, 10 kuwa ciwon da ya fi kowane irin da ka taɓa ji ko kake iya tunani. Don kada lambar ta zama cinke, a ɗaura ta a kan abin da ciwon ya hana ka yi. Daga 1 zuwa 3, kana jin sa amma kana hira, kana shan kunu, kana barci. Daga 4 zuwa 6, ya fara raba maka hankali, tauna ta yi wuya, barci na yankewa. Daga 7 zuwa 10, ya hana barci ɗungum, ba ka iya tunanin komai sai shi. Wanda lamba ke rikita shi sai a ja masa layi mai tsawon santimita 10 a takarda, ƙarshen hagu babu ciwo, ƙarshen dama mafi tsanani, ya ɗiga alama inda yake jin kansa, a auna da rula.

Mataki na farko, a samu takarda a raba ta gida biyar: rana da lokaci, lambar ciwo, maganin da aka sha, buɗewar baki, da zafin jiki. Kada a fara rubutu da fitowa daga ɗakin likita, domin allurar kashe zafi tana nan tana aiki, yawanci awa 2 zuwa 4. Sifilin da aka rubuta a lokacin bai nuna komai ba. A jira leɓe ya fara dawowa, nan ne lambar farko.

Daga nan a riƙa aunawa sau huɗu a rana a lokuta tsayayyu. Mafi sauƙin tunawa shi ne a haɗa da Asuba, Azahar, Magariba da lokacin kwanciya. Kowane karo lamba biyu ake so: ɗaya kana zaune baki a rufe, ɗaya kuma lokacin da ka buɗe baki ko ka haɗiye yawu. Ta biyun takan fi ta farko, kuma ita ce ke fara nuna matsala.

Sai awon magani, wanda mutane da yawa ke tsallakewa alhali shi ne ke gaya wa likita ko abin da ya rubuta ya isa. A rubuta lamba dab da shan magani, a sake rubutawa bayan awa ɗaya. Idan 6 ta sauko zuwa 3, magani na aiki. Idan ba ta motsa ba, ko ciwon ya dawo kafin awa 3, a sanar da likita maimakon ƙara ƙwaya. Ga babba mai lafiya, abin da aka saba bayarwa shi ne farasitamol miligiram 1,000, wato ƙwaya biyu masu 500, duk bayan awa 6, kada ya wuce miligiram 4,000 a yini da kwana, domin wuce haka na lalata hanta. Ibuprofen kuwa miligiram 400 duk bayan awa 6 zuwa 8, bayan an sa wani abu a ciki. Haɗa waɗannan biyun ya fi kowane ɗaya shi kaɗai tasiri a ciwon haƙori. Amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha ibuprofen sai likita ya ce. A kuma kula da haɗin da ake ƙullawa a kemis: sau da yawa akwai diclofenac a ciki, shi da ibuprofen dangi ɗaya ne, shan su tare ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ci ciki. Asfirin yana hana jini tsayawa, a bar shi, sai fa wanda likita ya ɗora a kansa tun da farko, shi ma ya faɗa kafin a cire haƙorin.

Buɗewar baki da yatsu ake aunawa. Mai lafiya yana iya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Bayan aiki yakan koma biyu, sannan ya riƙa ƙaruwa cikin mako. Zafin jiki kuma a auna shi a hammata ko goshi, a bar bakin ya huta.

Yanzu yadda ake karanta takardar. Ciwon da ke tafiya daidai yakan yi ƙololuwa a awa 12 na farko bayan allura ta sake, ya ɗan tsaya haka a rana ta biyu, sannan ya fara sauka. Kumburi shi kuma yana makara, sai rana ta 2 zuwa ta 3 yake kai iyakarsa, don haka kumatu na iya cika alhali lambar ciwo na raguwa. Wannan ba abin tsoro ba ne. Zuwa rana ta 7 yawancin mutane sun sauko ƙasa da 3.

Abin da ake sa wa ido shi ne lambar da ta sauka sannan ta juya sama. Misali 6, 5, 3, sai kwatsam 8 a rana ta 3 zuwa ta 5, da zogi mai harbawa zuwa kunne, da wari da ɗanɗano marar daɗi a baki, magani kuma ba ya taɓa shi. Yawanci gudan jinin da ya toshe ramin da aka cire haƙorin ne ya fita ko ya narke, ƙashi ya zauna a fili. An fi ganin haka a haƙoran ƙasa. Shan taba ko shisha, zuƙar lemo da bututu, yawan tofar da yawu da kurkure baki da ƙarfi a ranar farko duk suna kawo shi. A wajen alwala ma, ranar farko a sa ruwa kaɗan a bar shi ya zubo da kansa, kada a wasa shi a baki. Kurkurewa da ruwan ɗumi mai gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya, sai bayan awa 24. Goro da asuwaki a nisantar da su daga wajen. Idan gudan jinin ya riga ya fita daga ramin, ƙarin ƙwaya ba zai yi ba, kuma ba aikin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne. Likita zai wanke ramin ya cusa magani a ciki, sauƙi yakan zo da wuri.

Akwai alamun da ba a jiran lamba a kansu. Zazzaɓi da ya kai digiri 38, mugunya daga ramin, kumburin da ke ƙaruwa bayan rana ta 3, ko bakin da ke ƙara ƙanƙancewa daga yatsa biyu zuwa ɗaya, duk suna nuna ƙwayar cuta ta shiga, a koma asibiti ranar. Kumburin da ya gangaro ƙarƙashin harshe ko wuya, da wahalar haɗiya ko numfashi, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare, domin yana iya toshe maƙogwaro. Haka jinin da ya ƙi tsayawa bayan an cije auduga mai tsabta da ƙarfi na minti 30.

Rashin jin komai ma ana rubuta shi. Idan leɓen ƙasa, haɓa ko gefen harshe sun ci gaba da mutuwa har washegari, wataƙila an taɓa jijiyar da ke bi ta ƙarƙashin saiwar haƙorin ko ta gefen harshe. Yawanci yakan warware cikin makonni ko watanni, amma likita na bukatar sani da wuri. A zana iyakar wurin da ya mutu a takarda, a sa kwanan wata, a tafi da ita tare da kwalin duk maganin da aka sha, har da wanda aka saya a kemis.