Yadda nake haɗa lemon tsiron dawa a gida, ba tare da sukari ba

Duk zaƙin da ake nema yana cikin ƙwayar dawa, a kulle ne kawai. Dawa sitaci ce cunkus, sitaci kuwa ba ya zaƙi a baki sai an farfasa shi ya koma sukari. Sinadarin da ke wannan aikin, ƙwayar ce da kanta take samar da shi idan ta fara tsira, don ta ciyar da ɗan tsironta. Namu shi ne mu sa ta tsira, mu tsayar da ita da rana, sannan mu sa ƙarfin nan ya yi mana aiki a tukunya. Da haka kamfanonin giya da na lemon kwalba irin su Maltina suke farawa, kuma tun 1988 da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje suka rungumi dawarmu.

Kayan aikin duk kina da su: babbar tukunya, bokiti biyu, buhun algarara, muciya, ƙyallen tatar koko, da tsohon bargo.

Ni a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe nake sayen dawata, kuma ta bana nake nema. Tsohuwar dawa wadda ƙwari suka huda ba ta tsira, ruɓewa take yi. Irin shuka da aka cuɗa da magani kuwa ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa, ba na ci ba ne. Farafara da kaura sun fi ba da ɗanɗano mai laushi. Jar dawa tana da kala mai kyau amma takan zo da bauri. Kafin ki sayi da yawa, ɗebi ƙwaya 20 ki naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle kwana uku. In 18 suka fito, koma wurin mai hatsin nan.

Ki auna mudu ɗaya, ki wanke, ki rege tsakuwa, ki zubar da duk abin da ya taso saman ruwa. Jiƙon kwana ɗaya ne, amma ba a barin ta cikin ruwa guda. Bayan kamar awa takwas ki tsiyaye, ki bar ta ta sha iska awa biyu, ki zuba sabon ruwa. Ƙwaya abu ne mai rai, numfashi take yi. In ta daɗe a nutse sai ta yi tsami ta mutu.

Daga nan ki baza ta a kan jiƙaƙƙen buhu a ɗaki mai inuwa, kaurin kamar yatsu uku, ki rufe da wani buhun. Safe da yamma ki yayyafa ruwa, ki juya da hannu. Washegari za ki ga wani farin ɗigo ya leƙo a bakin kowace ƙwaya. Kwana na uku saiwoyi sun fara sarƙe juna, in kika tura hannu ciki za ki ji ɗumi, da ƙamshin ɗanyen ganye. A kwana na huɗu nake tsayar da tawa, lokacin da in na murza ƙwaya tsakanin yatsu take fashewa ta zama gari mai laushi. In kika ga baƙin fumfuna ko kore, ko kika ji wari, zubar. Ba a ceton wannan.

Shanya ta a tabarma kwana biyu ko uku har ta yi ƙaras a haƙori. Lokacin hunturu ya fi daɗin wannan aikin a Gombe. Da damina wahala ce, ni ba na ma farawa.

Ga wurin da ba a yi masa ganganci. Bayan ta bushe, murje ta sosai tsakanin tafukan hannu, ki sheƙe, har saiwoyi da 'yan tsiron su fita tas. Duk makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe dabba. Gubar da ke kashe ta, wato sayanaid, a cikin ɗanyen tsiro da saiwa take taruwa. Ƙwayar kawai muke so, abin da aka sheƙe kuma kada a zuba wa awaki.

Ɗebi cikin hannu biyu ki soya a kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan, har ta yi ruwan ƙasa. Ita ke ba da kala da ƙamshin nan na lemon kwalba. Kada ki soya fiye da cikin hannu biyun nan, don wadda aka soya ta riga ta rasa ƙarfinta, ɗanɗano kawai take kawowa. Ki haɗa da sauran a kai inji, a ce wa mai injin ɓarzawa zai yi, ba niƙan tuwo ba. Gari mai laushi toshe ƙyalle yake yi.

Yanzu asirin aikin, wanda wata dattijuwa 'yar Billiri da muka yi maƙwabtaka ta nuna min. Su can da wannan dabarar ake fara burkutu, kuma ita ce dai dabarar masu kunun zaki da suke dafa rabin gasara su bar rabi ɗanye. Matsalar dawa ita ce sitacinta ba ya nuna sai zafi ya haura digiri 70, a daidai nan kuma sinadarin tsiron yake mutuwa. Wanda ya ɗora komai a wuta lokaci guda, talge zai samu. Don haka raba su ake yi.

Ki kwaɓa ɓarzajjen tsiron da ruwa lita 5, mai ɗan ɗumi kaɗan, ki juya, ki bar shi awa ɗaya ya kwanta. Ruwan da ya taso sama, a cikinsa yawancin ƙarfin yake. Tsiyaye shi a hankali cikin bokiti mai tsabta, ki rufe, ki ajiye nesa da murhu. Abin da ya kwanta a ƙasa ki ƙara masa ruwa lita ɗaya ko biyu, ki ɗora a wuta kina tuƙawa da muciya kada ya kama, har ya yi kauri yana ɓulɓula, kamar minti 20. Sauke, ki ci gaba da juyawa har tururin ya lafa, sannan ki mayar da ruwan da kika ajiye. Ana so haɗin ya tsaya tsakanin digiri 60 da 65. In ba ki da ma'aunin zafi, wanke yatsa ki tsoma: ki iya ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin zafi ya kore ki.

A nan nake ƙara garin busasshen dankalin Hausa ɗanye, ludayi ɗaya. Tsiron dawa gwani ne wurin tsinka kauri, amma rago ne wurin kawo zaƙi, dankali kuwa yana da sinadarin da ya yi masa ƙaranci. Iyayenmu ba banza suke sa shi a kunu ba.

Rufe tukunyar, ki naɗe da bargo, ki manta da ita awa ɗaya da rabi. In kika buɗe, kaurin nan ya tsinke ya zama ruwa tsululu, kuma da kin ɗanɗana zaƙi zai kama harshenki. Mai son tabbaci ta ɗiga kaɗan a farin faranti, ta sa ɗigon aidin na wanke ciwo: in ya yi shuɗi-baƙi, da sauran sitaci, a ƙara rabin awa. Na farantin zubarwa ake yi.

Tace da ƙyalle, ki matse, ki ɗauraye dusar da ruwan zafi lita ɗaya ki sake matsewa. Wannan dusar kaji na sonta. Ruwan kuma ki tafasa shi minti 45 a buɗe, kina kwashe kumfa, ki jefa dakakkiyar citta da kanumfari 'yan ƙwayoyi a minti goman ƙarshe. Iya daɗewar tafasa, iya ƙaruwar zaƙi da duhu. Ba zai kai na kwalba zaƙi ba, don su suna ƙara sukari, kuma ba shi da gas. Ni hakan ya fi min, musamman a buɗa-baki.

Huce shi da wuri ta hanyar dasa tukunyar a bahon ruwan sanyi, ki ɗura a robobin da kika wanke da ruwan zafi, sai firij ko cikin ƙanƙara. Ruwa ne mai sukari, ba maganin ajiya a ciki. A zafin Maris da Afrilu, in ya kwana a waje zai fara tsami da kumfa, daga nan hanyar zama giya ya kama, robar da aka toshe kuma tana iya fashewa. Ko a firij kada ya wuce kwana uku, in kuma wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ki yi na rabin mudu, wanda za a shanye ranar.