Yadda na gyara SPARCstation 5 da ta ƙi karɓar NetBSD

Alhamdu lillahi, tsohuwar kwamfuta SPARCstation 5 ta kamfanin Sun, ƙirar 1994, ta tashi a nan ƙauyenmu kusa da Ringim.

Ina son ɗora mata NetBSD/sparc, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta layin sadarwa, amma umarnin "boot net" ya tsaya cak. Na sauya kebul, na duba rarpd da tftp (manhajojin da ke ba ta adireshin IP da fayil ɗin tashi daga wata kwamfutar), duk lafiya. Da na haɗa ta da laftof ta serial a 9600 8N1, sai ga saƙo cewa IDPROM, wato bayanan shaidar na'urar, ba daidai yake ba, adireshin Ethernet kuma ff:ff:ff:ff:ff:ff. Batirin da aka binne cikin guntun M48T08, mai riƙe da waɗannan bayanan, ne ya mutu. A garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, duk ɗaukewa sai na'urar ta manta sunanta.

Mai gyaran waya a kasuwa ya kankare bayan guntun, ya yanke tsohon batirin, ya manna sabon batiri ƙirar CR2032. Hannunsa ya fi nawa tsayuwa.

Saura mayar da bayanan IDPROM gurbi-gurbi da umarnin mkp. A wurin ok, inda na'urar ke jiran umarni, na rubuta "1 0 mkp", sai "80 1 mkp" don nau'in na'urar. Gurbi na 2 zuwa 7 adireshin Ethernet ne, mai farawa da 8, 0, 20. Na 8 zuwa b sifiri, c zuwa e lambar na'ura. Sai lissafin tantancewa: "0 f 0 do i idprom@ xor loop f mkp". Kada a tsallake wannan layin, in babu shi aikin banza ne.

Daga nan set-defaults, "setenv diag-switch? false", reset. Na sa sabon adireshin a fayil ɗin /etc/ethers na kwamfutar da rarpd ke kai, rarpd ya amsa nan take.