Juyen kaya a bakin tashar jirgin ruwa: kurakuran da ke cinye ribar ɗan kasuwa

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fitar da kwantena daga tashar jirgin ruwa ta Apapa ko ta Tin Can a Legas, ya ce sai an ja ta har Kano, wai don kaya su iso da hatiminsu. To ai kwantenar ba taka ba ce Alhaji, ta kamfanin jirgi ce, kwanakin da suka ba ka kyauta ƙidayayyu ne, suna cika tara ta fara hawa kullum. Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000, ta je, a sauke, ta dawo wayam kuma kai za ka biya motar dawowar, kafin nan an zaftare kuɗin ajiyar da ka bari a wurinsu. Gyaran shi ne a juye kayan a wani sito kusa da tasha, a loda wa tirela, kwantena ta koma wurin masu ita da wuri. Ko a Amurka haka suke yi a Los Angeles, kayan kwantena uku masu ƙafa 40 su shige tirela biyu masu ƙafa 53.

Amma fa juyen ma ana ɓata shi. Wani sai kwastam sun saki kaya sannan zai fara buga waya neman sito da mota, alhali tun 2021 manyan motoci sai sun yi rajistar layi a manhajar Eto kafin su shiga tashar. A gama maganar sito da direba da 'yan dako tun jirgi na kan ruwa.

Sai rashin tsayar da naka mutum ranar buɗe kwantena, wannan kam yana ba ni mamaki. A duba lambar hatimi ta yi daidai da ta takarda, a ɗau hoto kafin a yanke, a ƙirga katan ɗaya-ɗaya yana fita yana shiga, direba ya sa hannu a webil, wato takardar da ke nuna kayan da aka loda masa. In ba haka ba a isa Kantin Kwari a tarar babu dila biyu, ejan da ya fito maka da kayan ya ce 'yan dako ne, direba ya ce haka aka ba shi, wa za ka kama? Tamfol ma a duba in damina ce, kuma a tambayi mai inshora ko takardarsa ta haɗa da hanya.

Kuma ba kowane kaya ake juyewa ba. Tayil, gilashi, injina, duk taɓawa asara ce, gara su tafi a rufe. Haka kayan da aka rubuta wa tashar tsandauri (tashar kwantena ta cikin ƙasa) ta Kaduna ko ta Dala a Kano, can kwastam za su buɗe, kar wani ya yi gigin yanke hatimin a Legas.