Kurakuran da ke hana ɓoyayyen furoksi aiki

Furoksi sabar ce da ke shiga tsakanin mai amfani da shafukan intanet, ɓoyayye kuwa shi ne wanda mai amfani bai san da zamansa ba. Bai saita komai a burauzarsa ba, rawuta ce ko katangar tsaro ke karkatar da buƙatunsa zuwa ga Squid, wata manhajar furoksi, ko makamancinsa. Da zarar abin ya ƙi, sai ka ga an duƙufa kan squid.conf, fayil ɗin saitin Squid, ana ta gyara, alhali sau da yawa matsalar tana kan hanya ne. Kafin ka taɓa komai, kunna tcpdump, manhajar kallon zirga-zirgar bayanai, a na'urar furoksin ka ga ko fakitin, wato ƙunshin bayanan, yana isowa ma, kuma da wane adireshi.

Kuskuren da ya fi cin lokacin mutane shi ne yin NAT, wato sauya adireshin fakiti, a kan rawuta. An rubuta dokar DNAT a can, ta sauya adireshin da fakiti ya nufa zuwa na furoksi. Shi ke nan, asalin adireshin ya ɓace tun kafin fakitin ya iso. Daga siga ta 3.2, Squid kan tambayi na'urar da yake kai ina aka nufa tun farko, ya gwada amsar da sunan da ke cikin Host, wato layin buƙata mai ɗauke da sunan shafin. In a wata na'ura aka yi NAT ɗin, ina zai samo amsar? Bari rawuta ta miƙa fakitin yadda yake, ta dokar zaɓen hanya ko ta WCCP, yarjejeniyar Cisco ta miƙa wa furoksi fakiti, sannan a yi REDIRECT ko TPROXY da iptables, manhajar katangar Linux, a kan furoksin kansa. A ware masa ƙofa (port) dabam mai kalmar intercept, ko tproxy in TPROXY aka yi, misali 3129, a bar 3128 ga masu zuwa kai tsaye.

Sai zagaye mara ƙarewa. Doka ta ce duk abin da ya nufi ƙofa 80, ta HTTP, a kai wa furoksi, an manta shi ma ta 80 yake fita. Za ka ga Forwarding loop detected a cache.log. Keɓe adireshinsa, kuma dokar keɓewar ta zo a saman ta karkatarwa, don jeri ake bi.

Masu WCCP kuwa kan buɗe UDP 2048, su ga rawutar Cisco ta amince da furoksi, su ɗauka an gama. Gaisuwa ce kawai aka yi. In ta GRE ake turo fakitin, wato a naɗe cikin wani fakiti, dole katanga ta bar shi ya wuce, kuma lambar GRE, 47, lambar yarjejeniya ce, ba ƙofa ba. Duba rp_filter ma, saitin da ke tantance hanyar da fakiti ya fito, don Linux kan zubar da irin waɗannan fakitoci shiru. In ƙananan shafuka na buɗewa manya suna maƙalewa, zargi MTU, iyakar girman fakiti: GRE na ƙara bayit 24, wato 1500 ya koma 1476.

In ka ga Host header forgery detected, sa furoksi da masu amfani su riƙa tambayar sabar DNS ɗaya, wato mai fassara sunan shafi zuwa adireshi.

Kada kuma ka jefa ƙofa 443, ta HTTPS, cikin ƙofar da aka tanadar wa HTTP. Tana buƙatar https_port da ssl_bump. QUIC kuwa, wata yarjejeniyar da burauza ke buɗe shafuka da ita, ta UDP 443 yake bi, dokokin TCP ba sa ganinsa. Toshe shi a katanga, burauza za ta koma TCP da kanta.